Yadda ake share marayun kundaye a Bacula ba tare da an taɓa ajiya mai amfani ba

Sabar ajiya idan ta kwana biyu tana aiki, lissafinta yakan daina haɗuwa. Ka shiga `bconsole`, wurin ba da umarni na Bacula, manhajar ajiyar kwafin bayanai, ka tara girman kundayen da ta sani, wato fayilolin da take zuba ajiya a ciki, ka sami adadi. Ka fito ka auna foldar da `du -sh`, sai ka ga wani adadin da ya fi na farko nesa ba kusa ba. Abin da ke tsakanin biyun nan fayiloli ne da ba su da mai su, wato marayu, suna cin wuri, kuma Bacula ba za ta waiwaye su ba ko da diski zai cika ya batse. Akwai kuma akasin haka: sunayen kundaye suna nan daram a rajistar Bacula, alhali fayilolinsu sun daɗe da barin diskin.

Bayanin nan na Bacula ne mai rubutu a diski, a kan Linux, da rajistarta a PostgreSQL. Mai amfani da Bareos, wadda ta ɓalle daga Bacula a 2010, zai iya bi kusan layi-layi, illa sunayen foldoji da na wasu kayan aiki da suka ɗan bambanta, kamar `bareos-dbcheck` a madadin `dbcheck`. Mai MySQL ko MariaDB kuma ya tuna sunayen teburansa da manyan baƙaƙe suke farawa: `Media`, `Job`, `JobMedia`.

Daga ina marayun ke fitowa

Kern Sibbald, wanda ya fara rubuta Bacula a shekarar 2000, ya raba ta gida-gida. Director ne mai ba da umarni. Storage daemon ne mai zuba bayanai a cikin kundaye, abin da manhajar ke kira `Volume`. A diski kowane kundi fayil ne guda, ƙato. Sai rajista, wato `Catalog`, rumbun bayanan da ke riƙe da labarin wane fayil ne ke cikin wane kundi, a wane wuri. Director ba ya leƙa folda ya ga me ke ciki. Abin da rajista ta faɗa masa shi ne duniyarsa. Kamar sito ne da littafin magatakarda: buhu na iya zama a sito babu shi a littafi, kuma rashinsa a littafi bai nuna babu hatsi a ciki ba.

Hanya mafi yawa da ake samun maraya ita ce umarnin `delete volume`. Yana cire sunan kundin daga rajista, amma ko kusa da fayil ɗin ba ya zuwa. Haka ma idan aka share rukunin kundaye, wato `Pool`, ɗungurungum da `delete pool`. Ta biyu ita ta fi haɗari: rumbun bayanai ya lalace, aka maido da rajistar makon jiya, to duk kundin da aka buɗe bayan ranar nan ya zama baƙo, alhali shi ne ke ɗauke da sabuwar ajiya. Ta uku, diski ya cika cikin dare, wani ya shiga da `rm` ya goge tsofaffin fayiloli don aiki ya ci gaba, ya bar sunayensu a rajista. Ta huɗu mun fi kowa saninta: a ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, batirin UPS ya ƙare kafin a tayar da inji, girman fayil ya saɓa da wanda ke rubuce a rajista, Bacula ta sa wa kundin alamar `Error` ta wuce ta bar shi.

Kafin ka taɓa komai

Zaɓi lokacin da babu aikin kwafi da ke gudana. A `bconsole`, `status dir` zai nuna maka masu gudana da masu jiran lokacinsu, `status storage` kuma ya nuna kundin da ke buɗe a yanzu. Idan akwai aikin da zai tashi kana tsakiyar shara, dakatar da shi da `disable job=SunanAiki`, ka rubuta sunansa a takarda don kada ka manta ka mayar da shi.

Daga nan ka ɗauki kwafin rajistar kanta. A matsayin root:

```
mkdir -p /root/shara && cd /root/shara
sudo -u postgres pg_dump -Fc bacula > rajista-$(date +%F).dump
```

Ka kwafe wannan fayil zuwa wata na'ura daban. Duk abin da za ka yi wa rajista daga yanzu, da shi za ka iya komawa baya. Aikin `BackupCatalog` na daren jiya ba ya wadatarwa, domin a cikin kundi yake zuba nasa kwafin, kuma kundaye ne za ka taɓa.

Sai ka buɗe `/etc/bacula/bacula-sd.conf` ka duba kowane sashen `Device`. Abubuwa uku kake nema a kowanne: `Name`, `Archive Device` da `Media Type`. Wasu sabobin folda ɗaya gare su, wasu uku ko huɗu. Idan ka tsallake ɗaya, duk kundayen da ke cikinta za su fito maka a matsayin ɓatattu. Ka kuma tabbatar Director ɗaya ne ke amfani da wannan ma'ajiya, da rajista ɗaya. Idan sashen `Director` ya fi ɗaya a fayil ɗin, ban da na sa ido, to fayil ɗin da rajistarka ba ta sani ba wataƙila na maƙwabci ne.

Abu na ƙarshe, wanda mutane ke rainawa: ka tabbatar an ɗora diskin a kan foldarsa.

```
findmnt -T /srv/bacula/volumes
```

Idan diskin waje ne ko NFS, kuma bai hau ba bayan an sake kunna na'ura, foldar za ta buɗe lafiya lau amma wayam. Wanda bai duba ba zai kammala cewa kundayensa duka sun ɓata, ya share su daga rajista, alhali suna nan kwance a diskin da ba a ɗora ba.

Jeri biyu, a gwama su

A misalan nan foldar ita ce `/srv/bacula/volumes`, `Media Type` kuma `File`. Ka sa naka.

```
export LC_ALL=C
find /srv/bacula/volumes -maxdepth 1 -type f -printf '%f\n' | sort > diski.txt
sudo -u postgres psql -d bacula -At \
  -c "SELECT volumename FROM media WHERE mediatype='File'" | sort > rajista.txt
comm -23 diski.txt rajista.txt > a-diski-kawai.txt
comm -13 diski.txt rajista.txt > a-rajista-kawai.txt
wc -l *.txt
```

`LC_ALL=C` yana sa a jera duka biyun da ƙa'ida ɗaya; in ba haka ba `comm` na iya ba ka amsar da ba ita ba. Tacewa da `mediatype` kuma tana hana kundayen kaset shigowa, tunda su dama ba su da fayil a diski. Idan foldoji da yawa ne, ka yi wa kowace nata zagayen. Mai amfani da direban girgije na Bacula, wato mai kai ajiya `cloud`, ya lura cewa a wurinsa kundi folda ce mai gutsattsari, `part.1`, `part.2` da sauransu, don haka wannan `find` ɗin ba zai gan su ba.

Ka dubi adadin da `wc` ya bayar da idon basira. Idan jerin ɓatattu ya kusa kai yawan rajistar gaba ɗaya, matsalar a gwamawar take, ba a kundayen ba. Koma ka sake duba folda da `Media Type`.

Waɗanda ke diski, babu su a rajista

Nan ne wurin da za a samu fili, nan ne kuma wurin da ake yin asarar da ba ta gyaruwa. Fara da ganin girmansu da ranakunsu:

```
cd /srv/bacula/volumes
xargs -r -d '\n' -a /root/shara/a-diski-kawai.txt ls -lh --time-style=long-iso
```

Ranar kaɗai tana ba da labari. Fayil ɗin da rabonsa da rubutu shekara uku, kuma sunansa na rukunin da aka daina amfani da shi ne, da alama saura ne. Fayil ɗin da aka rubuta a makon nan amma rajista ba ta san shi ba, wannan ba maraya ba ne, alama ce ta rajistarka ta koma baya ko wani na rubutu a foldar. Kada ka taɓa shi sai ka gano dalili. Za ka kuma ci karo da abubuwan da ba kundaye ba ne sam: fayilolin `.bsr`, tsohon kwafin rumbun bayanai, abin da wani ya ajiye "na ɗan lokaci". Fayilolin `.bsr` ƙanana ne ƙwarai, kuma su ne taswirar maido da ajiya ranar da babu rajista. Ka bar su.

Sauran kuma sai an karanta su. Bacula tana da kayan aikin da ke karanta kundi kai tsaye ba tare da rajista ba, sunansa `bls`. Da farko lakabin:

```
bls -c /etc/bacula/bacula-sd.conf -L -V Vol-0412 FileStorage
```

`FileStorage` shi ne `Name` na sashen `Device`. Lakabi zai gaya maka sunan kundin na asali, rukuninsa da ranar da aka buɗe shi. Sai ayyukan da ke ciki:

```
bls -c /etc/bacula/bacula-sd.conf -j -V Vol-0412 FileStorage
```

Wannan sai ya bi fayil ɗin daga farko har ƙarshe, don haka kundi mai gigabait 50 zai ɗauki lokaci. Ka tura sakamakon cikin fayil ka je ka yi wani abin. Idan ya gama, kowane aiki zai fito da layin `Begin Job Session Record` da na `End Job Session Record`. A nan za ka ga sunan aikin, ranarsa, da `Level`: `F` cikakken kwafi, `D` na bambanci, `I` na ƙari. A layin ƙarshe akwai yawan fayiloli da `Status`. `T` na nufin ya kammala lafiya. Idan ka ga farko babu ƙarshe, ko dai aikin ya tsallaka zuwa kundi na gaba, ko an katse shi. Idan ƙarshe ka gani babu farko, kansa yana kundin baya. Saboda haka ba a yanke wa kundi hukunci shi kaɗai. Sai an dubi na gabansa da na bayansa.

Tambayar da za ka yi wa kowane aiki ita ce: akwai wani cikakken kwafi na wannan na'ura, sabo, wanda rajista ta sani? Idan akwai, kuma wa'adin ajiyar wancan ya wuce, kundin ya gama aikinsa. Idan babu, tsaya. Sau da yawa marayun nan na na'urorin da aka yi wa ritaya ne: tsohuwar sabar albashi, kwamfutar ma'aikacin da ya bar aiki, rumbun bayanan manhajar da aka sauya. Na'urar ta tafi, an cire ta daga saiti, kuma wannan fayil da ba wanda ya sani shi ne kwafinta na ƙarshe a duniya. Hukuncin irin wannan ba na mai kula da saba ba ne. Ka rubuta wa mai bayanan, shugaban sashen kuɗi ne ko na ma'aikata, ka gaya masa sunan na'urar da ranar kwafin, ka nemi amsa a rubuce. Kuma ba kullum amsar ke zama "a ajiye" ba: a Najeriya Dokar Kare Bayanai ta 2023 ba ta yarda a riƙe bayanan mutane fiye da lokacin da ake bukatarsu ba, don haka tsohon kundi mai cike da bayanan ma'aikata ko na marasa lafiya nauyi ne a wuyan ma'aikata, ba dukiya ba.

Wanda aka ce a ajiye, a mayar da shi rajista da `bscan`. A wasu nau'o'in Linux sai an girka shi daban. Gwada shi tukuna ba tare da ya rubuta komai ba:

```
bscan -v -c /etc/bacula/bacula-sd.conf -n bacula -u bacula -P KALMARSIRRI \
  -V Vol-0412 FileStorage
```

Idan abin da ya nuna ya yi daidai, ka ƙara `-s -m` ka sake. `-s` ne ke sa ya rubuta a rajista, `-m` kuma ya gyara bayanan kundin. Aikin da ya ratsa kundaye biyu ko uku a ba shi su tare, bisa jerin da aka rubuta su: `-V "Vol-0412|Vol-0413"`.

Da zarar ya gama, kafin kowane aiki ya tashi, ka kulle kundin:

```
update volume=Vol-0412 volstatus=Archive
update volume=Vol-0412 recycle=no
```

Dalili shi ne ayyukan da ka shigar da tsofaffin ranakunsu suka shigo. A idon Bacula wa'adinsu ya daɗe da cika. Idan na'urar tana nan tana aiki kuma `AutoPrune` na kunne a sashenta na `Client`, aikinta na gaba zai iya sake share bayanan da ka sha wahalar shigarwa, don haka ka tsawaita `Job Retention` da `File Retention` nata ko ka kashe `AutoPrune` har ka gama. Idan kuma fayiloli kaɗan kawai ake so daga ciki, ba sai an wahalar da rajista ba: `bextract` zai zazzage su cikin folda kai tsaye.

Waɗanda aka tabbatar sun gama aiki, ka rubuta sunayensu a `na-killacewa.txt`. Da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ban yarda da kwafe jerin farko gaba ɗaya ba.

Waɗanda ke rajista, babu su a diski

Waɗannan ba sa cin wuri, amma ƙarya suke yi maka. Rajista na cewa akwai ajiyar ranar kaza, sai ranar da aka zo maidowa aikin ya tsaya yana neman kundin da babu shi. Suna kuma shiga ƙidayar `Maximum Volumes`, su tare gurbin da sabon kundi zai shiga.

Ka neme su tukuna a sauran foldoji da tsofaffin diskoki, ko an matsar da su ne. Idan da gaske sun tafi, duba me suka tafi da shi:

```
SELECT DISTINCT j.jobid, j.name, j.level, j.starttime, j.jobstatus
FROM job j
JOIN jobmedia jm ON jm.jobid = j.jobid
JOIN media m ON m.mediaid = jm.mediaid
WHERE m.volumename = 'Vol-0288'
ORDER BY j.starttime;
```

Idan babu komai, ko duka tsofaffi ne da wasu suka maye gurbinsu, `delete volume=Vol-0288 yes` a `bconsole` ya wadatar. Ka sani dai umarnin yana tafiya da duk aikin da ya taɓa kundin, har wanda rabinsa ke wani kundin mai lafiya. Ba asara ba ce, tunda aikin dama ya gutsure, amma yana iya barin wancan kundin ba aiki ko ɗaya, shi ya sa za a sake gwamawa a ƙarshe.

Idan kuwa a ciki akwai cikakken kwafi na ƙarshe na wata na'ura, ko wani kwafin ƙari da ya biyo bayansa, sarƙar ta tsinke. Kwafin ƙari yana ɗaukar abin da ya canza ne tun aikin da ya gabata. Fayil ɗin da ya canza a ranar da ta ɓata kuma bai sake canzawa ba, yana iya zama babu shi a ko'ina. Maganin shi ne sabon cikakken kwafi a daren nan: `run job=SunanAiki level=Full yes`. Ka tanadar masa wuri tun da wuri. Ko ba ka nema ba, idan Bacula ta duba ba ta ga wani cikakken kwafi a rajista ba, da kanta za ta ɗaga kwafin ƙari na gaba ya zama cikakke, kuma ba ta tambayar ko diski zai ɗauka.

Waɗanda ke ko'ina amma sun maƙale

Kashi na uku `comm` ba ya ganinsu, domin suna da suna suna da fayil. Wannan tambayar ce ke fito da su:

```
SELECT m.volumename, p.name AS rukuni, m.volstatus, m.recycle,
       pg_size_pretty(m.volbytes) AS girma, m.lastwritten,
       count(DISTINCT jm.jobid) AS ayyuka
FROM media m
LEFT JOIN pool p ON p.poolid = m.poolid
LEFT JOIN jobmedia jm ON jm.mediaid = m.mediaid
WHERE m.mediatype = 'File'
GROUP BY m.mediaid, p.name
ORDER BY m.lastwritten;
```

Kundi mai `Append` da ayyuka 0 sabo ne yana jiran rubutu, ka ƙyale shi. Mai `Purged` ko `Recycle` an riga an sallami abin da ke cikinsa, yana jiran a sake rubutu a kansa. Amma har zuwa ranar yana riƙe da girmansa cif. Idan rukuninsa na aiki, zai samu mai amfani da shi. Idan rukunin an daina amfani da shi, haka zai zauna har abada, domin Bacula tana duba wa'adin kundaye ne lokacin da take neman wurin rubutu a wannan rukunin. Haka nan mai `Full` ko `Used` a mataccen rukuni: wa'adinsa, wanda ake ƙirgawa daga ranar rubutu na ƙarshe, zai cika ya wuce ba wanda ya duba.

A irin waɗannan ka yi amfani da `prune volume=Suna yes`. `prune` yana mutunta wa'adi: idan bai cika ba, ba ya taɓa komai. `purge` ba ruwansa da wa'adi, abin da ka nuna masa ya tafi. Sunayensu sun yi kama ƙwarai, don haka ka karanta abin da ka rubuta kafin ka danna.

Masu `Error` su ake yi wa gurguwar fahimta. Alamar tana nufin Bacula ta daina rubutu a kundin ne, ba wai abin da ke ciki ya lalace ba. Ayyukan da suka kammala kafin wuta ta ɗauke galibi suna nan lafiya kuma ana maido da su. Sai dai kundi mai wannan alama ba ya shiga layin sake amfani da kansa. Idan yana da ayyuka masu amfani, `update volume=Suna volstatus=Used` zai mayar da shi layi, ya jira wa'adinsa kamar kowa. Idan ayyukansa 0 ne, ka cire shi daga rajista da `delete volume`, ka ƙara sunansa a jerin killacewa. Kullum rajista ake fara cirewa, sannan fayil. Idan aka juya, akwai ɗan lokacin da Director zai iya neman abin da babu.

Killacewa, sannan gogewa

```
K=/srv/bacula/killace/$(date +%F)
mkdir -p "$K"
while read -r v; do
  mv -nv -- "/srv/bacula/volumes/$v" "$K/"
done < /root/shara/na-killacewa.txt | tee /root/shara/an-matsar.log
```

Ranar da ke sunan foldar ita ce agogonka. Kada ka dogara da `find -mtime +30` don gogewa daga baya: `mv` ba ya canza ranar fayil, don haka kundin da aka rubuta shekara biyu da suka wuce zai cika sharaɗin a daren da ka matsar da shi. Ni nakan bar su har a yi zagaye guda cikakke, wato a ga cikakken kwafin wata ya gudana lafiya kuma ba wanda ya zo neman komai. Daga nan `rm -r` a kan foldar ranar, da cikakken sunanta, ba da tauraro ba.

Killacewa a diski ɗaya ba ta ba da fili ko kaɗan. Idan diskin ya riga ya cika kuma ayyukan daren yau na jira, ka kwashe su zuwa diskin waje da `rsync`, ka tabbatar sun sauka daidai, sannan ka goge na asali. Fili na gaggawa wanda ba shi da haɗari yana wurin kundaye masu `Purged`, ta hanyar yanke su, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Wani lokaci ka goge amma `df -h` bai motsa ba. Ko dai Storage daemon na riƙe da fayil ɗin a buɗe, wanda `lsof +L1` zai nuna kuma sake kunna `bacula-sd` ya warware, ko kuma diskin ZFS ne ko Btrfs kuma hotunan diski da yake ɗauka, wato `snapshots`, na riƙe da tsofaffin bayanan har sai sun ƙare.

Gyaran rajista da gwaji

Share-sharen nan kan bar guntaye a teburan rajista. `dbcheck -c /etc/bacula/bacula-dir.conf` zai buɗe maka jerin bincike; a haka kallo kawai yake yi, sai an ba shi `-f` yake gyara. Fara da na `JobMedia` da na `File`. Na `Path` a babbar rajista yana iya cin sa'o'i, ka bar shi sai ranar hutu. Bayan nan `sudo -u postgres vacuumdb -z bacula`.

Sake gwama jerin biyu. Yanzu ya kamata su fito babu komai, in ban da fayilolin da ka bari da gangan. Mayar da ayyukan da ka dakatar da `enable job=SunanAiki`. Sannan ka yi `restore` na gaske: zaɓi na'ura biyu ko uku, har da wadda ajiyarta ta fi tsufa, ka maido da 'yan fayiloli cikin `/tmp/gwaji`, ka buɗe su ka gani da idonka.

Don kada su sake taruwa

Yawancin marayu daga rukunin da ba a yi wa iyaka ba suke fitowa. Idan ba a faɗa ba, wa'adin kundi shekara ɗaya ne, na aiki wata shida, na sunayen fayiloli kwana 60, kuma Bacula za ta yi ta buɗe sababbin kundaye muddin an ba ta `Label Format`. Ga misalin rukunin da ya san iyakarsa:

```
Pool {
  Name = Kullum
  Pool Type = Backup
  Label Format = "Kullum-"
  Maximum Volume Bytes = 50G
  Maximum Volumes = 60
  Volume Retention = 60 days
  Recycle = yes
  AutoPrune = yes
  Action On Purge = Truncate
}
```

Kundi 60 masu gigabait 50 terabait 3 ke nan, ba zai wuce haka ba. Idan ya kai iyaka kuma babu wanda wa'adinsa ya cika, aiki zai tsaya ya nemi a ba shi kundi. Gara hakan da cikar diski, domin saƙo za ka samu, ba ɓarna ba.

Bayan ka gyara saitin ka yi `reload`, sannan `update pool=Kullum`. Wannan bai shafi tsofaffin kundaye ba, domin kowanne ya kwafi wa'adinsa ne ranar da aka buɗe shi. Sai ka shiga `update`, ka zaɓi `Volume parameters`, sannan `All Volumes from Pool`.

`Action On Purge = Truncate`, wanda ya shigo tun Bacula 5.0, izini ne kawai. Yankewar sai an ba da umarni:

```
purge volume action=truncate storage=File pool=Kullum
```

A nan `File` sunan sashen `Storage` ne a saitin Director. Umarnin yana bin kundayen da suka riga suka zama `Purged` ne kaɗai, ya rage kowanne zuwa lakabinsa, sunan ya zauna a rajista, filin ya dawo. Ana iya sa shi a aiki mai nau'in `Admin` ya riƙa gudana kowane mako. Ka sani dai kundin da aka yanke `bscan` ba shi da abin da zai ceto a ciki.

Layukan `find`, `psql` da `comm` na sama kuma ka haɗa su a fayil ɗaya, ka sa `cron` ya riƙa gudanar da shi ranar ɗaya ga wata yana turo maka sakamakon ta imel. A sa masa sharaɗin ya tsaya idan `findmnt` bai ga diskin ba, kuma kada a sa `rm` ko `delete` a cikinsa.